Yadda ake tantance haƙƙin magani da inshorar lafiya a Saudiyya tun ciwo bai kwantar da mutum ba

Ma'aikacin da ke zaune a teburin karɓar marasa lafiya a asibitin Jidda ko na Makka ba shi ke yanke hukuncin wanda za a duba kyauta, da wanda inshora za ta biya wa, da wanda zai fitar daga aljihunsa ba. Lambar igamarka, wato katin izinin zama a ƙasar, kawai yake bugawa a kwamfuta, kwamfutar kuma ta je ta tambayo wasu ma'aikatu: Jawazat (hukumar fasfo da izinin zama), kamfanin inshora, Majalisar Inshorar Lafiya, wani lokacin har da Ma'aikatar Ƙwadago. Amsar da ta dawo ita zai karanto maka. Don haka duk magiyar da 'yan'uwanmu ke yi a gaban teburin nan, da rantsuwar cewa kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka, ya ce ya biya, ba ta canza ko harafi ɗaya a allon. Abin da ke amfani shi ne mutum ya riga kwamfutar zuwa waɗancan wuraren, ya duba da wayarsa abin da kowanne ya rubuta a kansa, ya gyara kuskuren a inda aka yi shi.

Fara da sanin ƙofar da ta shafe ka

A ƙasar nan hanya biyu ce. Ta farko asibitocin gwamnati da cibiyoyin lafiya na unguwa, inda ake magana a kan abin da suke kira ahliyyatul ilaj, wato cancantar a yi maka magani kyauta. Ta biyu ta'amin, inshorar da dokar 1999 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a kamfanoni masu zaman kansu.

Bahaushen da yake ɗan ƙasa, wanda lambar katinsa ta fara da 1, ƙofar gwamnati a buɗe take gare shi, in kuma yana aiki a kamfani ya haɗa biyun. A 2022 gwamnati ta amince da kafa Cibiyar Inshorar Lafiya ta Ƙasa domin ta riƙa sayen hidimar magani a madadin waɗanda ke da wannan haƙƙi, amma a wajen mara lafiya abin da ake nema bai canza ba, katin ɗan ƙasa ne. Akwai kuma waɗanda ba 'yan ƙasa ba amma suna shiga ta wannan ƙofa: matar ɗan ƙasa, 'ya'yan macen da take 'yar ƙasa ko da mahaifinsu baƙo ne, ma'aikatan gida irin su direba da mai aikatau da ke ƙarƙashin kafalar mutum ɗaya, da ɗaliban da gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu, kamar yaranmu da ke Jami'ar Musulunci ta Madina. Alhazai ma ana duba su a lokacin aikin Hajji.

Sauran jama'a, mai gadi a kamfani, leburan gini, tela ko mai yankan nama da ke ƙarƙashin wata mu'assasa, wato ƙaramin kamfani, duk na ƙofa ta biyu ne. Lambar igamarsu ta fara da 2. Wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta Umara shi kuma nasa daban ne, zan zo kansa.

Mutane da yawa suna ɓata lokacinsu ne tun daga nan. Direban gida ya kwana yana neman sunansa a shafin inshora bai gani ba, hankalinsa ya tashi, alhali shi tun asali ba ta can zai bi ba. Sai dai a lura da wani canji: daga 1 ga Yulin 2024, gidan da ke da ma'aikata fiye da huɗu wajibi ne mai gidan ya saya musu inshora. Idan a babban gida kike aikatau, Hajiya, ki ƙirga ku nawa ne a kan sunan mai gidan, domin amsar ita za ta nuna miki inda za ki duba.

Abin da za ka tanada a gabanka

Igama ko katin ɗan ƙasa, fasfo, da waya mai layin da aka yi rajistarsa da lambar igamarka kai kanka. Wannan na ƙarshen shi ne ke kayar da mutane. Layin da aka saya da sunan aboki ko na wani da ya riga ya koma gida zai iya yin kira, amma ranar da Absher, manhajar Ma'aikatar Cikin Gida, ta turo lambar sirri, ko ka canza waya kana so ka sake shiga Nafath, manhajar da ke tabbatar da cewa kai ne kafin ka shiga shafukan gwamnati, sai ka ga ka maƙale. Wanda bai gyara wannan ba ya fara gyara shi kafin komai.

Mataki na farko: Absher

Duk sauran ma'aikatun daga rumbun Ma'aikatar Cikin Gida suke ɗebo sunanka, ranar haihuwarka da matsayin zamanka. Idan nan ya karkace, ko'ina ya karkace. Shiga Absher ta ɓangaren ɗaiɗaikun mutane, ka buɗe bayananka, ka dubi abu huɗu a tsanake.

Ranar ƙarewar igama. Kada ka dogara da robar da ke aljihunka, domin tun 2015 aka daina buga ranar ƙarewa a jikin katin. Yanzu kuma kamfani na iya sabunta wa ma'aikaci ta wata uku, ko shida, ko tara, ba dole sai shekara ba. Mutum zai zauna yana lissafin shekara guda, ashe wata uku aka biya masa.

Sai lambar fasfo. Wanda ya sabunta fasfonsa a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya ko na Nijar da ke Jidda, dole a yi masa naƙalul ma'alumat, a ɗauke bayanan tsohon fasfon a mayar kan sabon a rumbun Jawazat. Idan ba a yi ba, gwamnati tana ganinka da fasfon da ya mutu, sabunta igama kuma ya tsaya.

Sai suna da ranar haihuwa. A nan mu Hausawa muke shan wahala fiye da wasu. Usman a fasfo, a takardar kamfani an rubuta shi yadda Balarabe ke furtawa, wani wurin an haɗe sunan uba da na kaka, wani wurin an jefar da ɗaya. Ranar haihuwa kuma wani rumbun ya ajiye ta da lissafin Hijira, wani da na Miladiyya, wajen juyawa a samu ratar kwana ɗaya. Ka rubuta a takarda yadda Absher ta rubuta su, harafi da harafi, da boko da Larabci. Da wannan za ka auna duk abin da za ka gani a gaba.

Na huɗu, jerin iyalinka. Matar da ba ta bayyana a ƙarƙashin sunanka ba, ko yaron da babu shi a jerin, babu kamfanin inshorar da zai iya ɗora shi a kanka.

Mataki na biyu: wa gwamnati ta sani a matsayin mai ɗaukar nauyinka?

Ma'aikacin kamfani ya shiga Qiwa, shafin Ma'aikatar Ƙwadago, ya duba sunan mu'assasar da yake ƙarƙashinta da kwantiraginsa, sannan ya leƙa manhajar GOSI, hukumar fanshon ma'aikata, ya ga ko an yi masa rajista. Ma'aikacin gida nasa yana shafin Musaned. Wannan mataki gajere ne, amma ba a tsallake shi, domin nauyin inshora a kan wanda sunansa ke rubuce yake, ba a kan wanda kake yi wa aiki da hannunka ba. Mun san yadda ake zaman nan: igama a wajen wani, aiki a wajen wani. To ranar ciwo wanda ke takarda shi za a nema. A nan ne kuma mutum ke gane ko an shigar da rahoton cewa ya bar aiki, abin da aka fi sani da hurub. Wanda ya ga haka ya ajiye maganar inshora tukuna, ya kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911.

Mataki na uku: shafin Majalisar Inshorar Lafiya

Wannan shi ne zuciyar aikin. Buɗe chi.gov.sa, ka nemi wurin bincika bayanan inshora. Za ka saka lambar igama mai lamba goma, ka kwafi 'yan haruffan tantancewa, ka danna. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai ka je wajen mu'aƙƙib, mai bi wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, ba.

Idan komai lafiya, za ka ga sunan kamfanin inshorar, ko Bupa ne, ko Tawuniya, ko MedGulf, ko wani, da lambar yarjejeniyar, da ajin da aka saka ka, da ranar ƙarewa. Ɗauki hoton allon ka ajiye, ka tura wa wani na gida. Sannan ka maimaita da lambar matarka da ta kowane yaro, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ce tunda naka ya fito nasu ma yana nan. Doka ta ce mai aiki shi zai biya kuɗin inshorar ma'aikaci da matarsa, da 'ya'yansa maza har su kai shekara 25, da 'ya'yansa mata da ba su yi aure ba kuma ba sa aiki, ba tare da an yanke daga albashi ba. Amma abin da doka ta faɗa daban, abin da ma'aikacin ofis ya shigar daban, kuma na biyun kwamfutar asibiti ke karantawa.

Ka kwatanta ranar ƙarewar inshora da ta igama. Da wuya su zo ɗaya. Kamfani yana sayen inshorar duka ma'aikatansa a rana guda ne, ta shekara guda, kai kuwa igamarka tana bin nata lissafin, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Ba a sabunta igama sai da inshora mai rai, wannan gaskiya ne, amma ranar sabuntawar kawai ake dubawa. Inshorar na iya ƙarewa bayan wata biyu, igama tana nan daram, mutum yana yawo ba shi da labari.

To idan ba a samu komai ba fa? Kafin ka ɗaga murya a kan kowa, ka san yadda bayanin ke tafiya. Kamar kwanon siminti ne a wajen ɗora dakin: ofishin ma'aikata na kamfaninku ya miƙa wa kamfanin inshora, shi ya miƙa wa Majalisa, ita ta miƙa wa Jawazat da asibitoci. Aikinka shi ne gano hannun da kwanon ya tsaya. Ka nemi ofishinku su ba ka lambar yarjejeniyar da sunan kamfanin inshorar. Ka kira kamfanin, ko ka shiga manhajarsu, ka tambaya ko lambarka tana cikin mambobi. In sun ce babu, matsalar a ofishinku take, ba su aika sunanka ba. In sun ce akwai, to su ne ba su ɗora a rumbun Majalisa ba, ko sun ɗora da lambar da ba daidai ba. Sabon zuwa ya tuna cewa da lambar shiga ƙasa, wadda jami'in filin jirgi ya ba shi, aka fara yi masa inshora kafin igama ta fito. Wani lokaci bayanin yana nan a kan tsohuwar lambar, ba a mayar da shi kan sabuwar ba. Ka gwada duka biyun.

Akwai wata maƙwabciyarmu, dattijuwa, da jikanta ya kwana da zazzaɓi, ta kai shi mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da asuba aka ce babu sunansa. Ta zo gidanmu da igamar yaron a ƙulle cikin leda a bakin mayafinta.

"Ɗan nan, duba mini. Ubansa ya rantse an biya."

Na buga lambar uban, ta fito. Na buga ta uwar, ta fito. Ta yaron babu. Da muka kira kamfanin inshorar, sai ga shi yaron yana cikin jerinsu, amma lamba ɗaya a tsakiya an juya ta, an rubuta 68 a madadin 86.

Na ce mata, "Baba, an biya ɗin, Yaya bai yi ƙarya ba. Hannun mai bugawa ne ya zame."

Ofishin uban ne ya aika gyaran, domin kamfanin inshora daga mai yarjejeniyar yake karɓar gyara, ba daga kaka ba. Kuɗin ganin likita na ranar dai daga aljihu aka biya, aka ajiye rasidin don neman a mayar.

Mataki na huɗu: samun suna a rumbu ba shi ne samun kowane asibiti ba

Inshora aji-aji ce, daga VIP zuwa A, B, C, kowane aji da jerin asibitocin da ya yarda da su. Shiga manhajar kamfanin inshorarka ka nemi jerin na ajinka a garin da kake, ka zaɓi mustausaf ɗaya kusa da gida da babban asibiti ɗaya, ka riƙe sunayensu. A can ma za ka ga kason da ake ɗora maka a kowace ziyara, wanda suke kira tahammul. Ba cuta ba ce idan aka ce ka biya wani abu a tebur, amma kason a rubuce yake, yana kuma da iyakar da ba ya wucewa, don haka ka san naka.

Asibitin yana tambaya ne ta wata hanyar sadarwa ta ƙasa mai suna NPHIES, wadda ta haɗa asibitoci da kamfanonin inshora. Kai ba ka da ikon shiga, amma kana iya amfana da ita. Ranar da kake da lafiya, in ka bi ta gaban mustausaf ɗin da ka zaɓa, shiga ka miƙa igama ka ce a duba maka ko inshorarka tana aiki a nan. Minti kaɗan ne. A ganina wannan ya fi duk sauran gwaje-gwajen ƙarfi, domin ita ce ainihin tambayar da za a yi ranar da ka zo a kwance. Yawancin wurare yanzu ba sa ma neman katin inshora, igamar ta isa.

Idan likita ya rubuta hoto mai tsada ko tiyata, asibitin zai nemi muwafaƙa, wato amincewa, daga kamfanin, ƙa'ida kuma ta ba kamfanin minti 60 ya amsa. In an ƙi, ka nemi a faɗa maka dalilin da aka rubuta da lambar buƙatar. Sau da yawa rahoton likita ne bai cika ba, ana ƙarawa sai ta wuce. In ka ga an zalunce ka, fara kai ƙara ga kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, sannan ka ɗaukaka zuwa Hukumar Inshora da aka kafa a 2023, wadda ke sa ido a kan kamfanonin. Wanda kuma mai aikinsa ne ya ƙi yi masa inshorar, ko ya bar iyalinsa a waje, Majalisar Inshorar Lafiya yake kai wa.

Masu bi ta ƙofar gwamnati

Sauke manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya, ka shiga, ka duba ko bayananka da na waɗanda ke ƙarƙashinka sun fito, ka gwada neman ranar ganin likita a cibiyar lafiya ta unguwarku. Idan ta ƙi, manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin ahliyyatul ilaj, can ake zuwa da takardu. Matar ɗan ƙasa ta tafi da takardar aure da hukuma ta tabbatar da katin mijin. 'Ya'yan 'yar ƙasa su riƙe takardar haihuwa da katin mahaifiyarsu. Ɗalibi ya karɓo wasiƙa daga jami'a. Auren da aka ɗaura a masallacin unguwa a Shara Mansur, shaidu sun halarta an raba goro da dabino amma ba a kai shi gaban hukuma ba, aure ne a addini, sai dai rumbun Ahwal, hukumar rajistar aure da haihuwa, bai san da shi ba, asibiti kuma rumbun yake tambaya. Layin Ma'aikatar Lafiya 937 ne, dare da rana.

Baƙo da mai Umara

Wanda ya kawo mahaifiyarsa da bizar ziyara, an saya mata inshora lokacin fitar da bizar. A shafin Majalisar akwai wuri na musamman na baƙi, da lambar fasfo ake dubawa. Wannan inshora ta gaggawa ce kawai. Ba za ta biya aikin yanar ido da aka daɗe ana shirinsa ba, ko maganin hawan jinin da Inna ta saba sha tun a Kano, don haka a taho da magungunan da takardar likita. Duk lokacin da za a ƙara wa'adin bizar sai an sayi sabuwar inshora, a jira ta bayyana a rumbu, sannan Absher ta yarda. Mai Umara tasa tana cikin kuɗin biza, ita ma ta gaggawa da haɗari ce, kuma ba ta bin wanda ya zarce wa'adinsa.

Idan rai na cikin haɗari ba a tsayawa duba allo. A kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997, ko a nufi sashen gaggawa mafi kusa, ana fara ceton rai ne kafin maganar takarda. 'Yan'uwanmu da ke zaune babu takardu su riƙe wannan, domin duk matakan da na lissafa ba za su nuna sunansu ba. Mai takarda da kuɗin magani ya fi ƙarfinsa kuma yana iya tuntuɓar ƙungiyoyin agaji na lafiya, irin Jam'iyyar Zamzam da ke aiki a yankin Makka da Jidda.

Hattara da masu kira

Tunda komai ya koma kan lamba, ɓarayi ma sun koma can. Za a kira ka da Larabci mai daɗi, a ce daga inshora ne ko daga Ma'aikatar Lafiya, za a sabunta bayananka, ka buɗe Nafath ka danna lambar da za su faɗa maka. Kada ka danna. Buƙatar da ba kai ka fara ta da hannunka ba, ba taka ba ce, kuma wanda ka buɗe wa Nafath zai iya buɗe asusu ko ya ci bashi da sunanka. Haka masu tallan inshorar 'yan riyal kaɗan a WhatsApp, wai don igama ta wuce kawai. Ko ta wuce, ranar ciwo za ka tarar babu asibitin da ya san ta. In dole wani ne zai duba maka, ka zauna kusa da shi, wayar tana hannunka, ku fita daga asusun kafin ku rabu.

Lokutan da ake sake dubawa

Bayan kowane sabunta igama ko fasfo, da lokacin da yarjejeniyar kamfaninku ta zagayo, domin suna iya canza kamfanin inshora ko su sauke aji ba tare da sun sanar da kowa ba. Sai lokacin canza kafala: tsohon mai aiki yana cire sunanka da zarar ka bar hannunsa, sabon kuma sai ya shigar da kai, a tsakanin nan ne ake samun giɓi. Ka duba a makon farko, kai da iyalinka.

Mai jiran haihuwa ya fi kowa buƙatar shiri. Jariri yana cin inshorar mahaifiyarsa ne na kwana 30 daga ranar haihuwa, bayan nan sai da sunansa. Ka sanar da ofishinku a rubuce tun ranar da aka haihu, ka haɗa da takardar sanarwar haihuwa ta asibiti, kada ka bari sai an watse daga taron suna. Daga nan ka nemi ranar zuwa Ahwal don takardar haihuwa, sai fasfo a ofishin jakadanci, sai Jawazat su fitar masa da igama. Da lambar igamar ta fito, ka koma shafin Majalisa ka buga ta, ka tabbatar sunan da ya bayyana ya yi daidai da wanda ke kan takardar haihuwar.